Tarin Hayaƙi

Da yatsu shida aka haife ni a hannun hagu, shi ya sa ake ce mini Cindo. Yayata Jummai ta fi kowa yi mini tsiya a kan haka. Takan ce Allah ya ƙara mini yatsa ne don ya san biyar ba za su ishe ni ɗibar tuwo ba. Ita ta raine ni bayan rasuwar Innarmu, saboda haka tana da ikon faɗa mini abin da ta ga dama, har bayan na yi gemu na sayi babur ina kabu-kabu tsakanin Kaoje da Bagudo da bakin bodar Benin.

Sana'arta bandar kifi, gadon Inna. Mijinta Arzika ya kamo, ita ta tsaga ciki ta wanke, ta lanƙwasa tarwaɗa ta haɗa kai da wutsiya ta soke da tsinke, ta jera a kan ragar waya bisa rabin duro, hayaƙi yana tasowa daga ƙasa. Duk aikin na yatsu ne. Kafin maƙwabciyarta Hamsatu ta cika raga ɗaya, Yaya ta cika biyu tana kuma ba ta labari. Matan Kaoje da yawa suna banda, amma masu saye daga Bagudo ƙofarta suke fara tsayawa.

Ciwon ya fara mata da ƙagewar yatsu da safe. Sai ta tsoma hannu a ruwan ɗumi kafin su saki. Daga nan gaɓoɓin suka kumbura, yatsun suka soma karkacewa gefe, gwiwoyi suka bi sahu. Babu abin da ba mu yi ba. An sha sassaƙe, an sha rubutu, wanzami ya yi ƙaho har fatar ta gaji, an sayo ƙwayoyin kemis da suka kumbura mata fuska ba su taɓa yatsun ba. A shekara ta biyar ko ludayi ba ta iya riƙewa. Dole 'yarta Zuhura ta baro ɗakin mijinta a Sharabi ta dawo gida, ita ke ba ta abinci a baki, ita ke ɗaura mata zani, ita ke bin ta bayan gida da buta. Wannan na ƙarshen shi ya fi komai cin ran Yaya. Na sha ganinta ta ƙi shan ruwa wuni guda don kada ta buƙaci a raka ta.

Ɗanta Nasrullahi, wanda ke aiki da wani mai sayar da atamfa a Kwatano, shi ya matsa mu kai ta babban asibiti a Sakkwato. Ni na kai ta, don Arzika in ya yi nisa da ruwa ruɗewa yake. Muka haɗu da wata likita mai suna Munawwara, mai magana a hankali kamar ba ta son tada kowa. Ta ba da ƙwayoyi muka yi wata takwas muna zirga-zirga, sauƙin bai taka kara ya karya ba. Rannan ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce ba sanyi ba ne, ba kuma jifa ba ne. Garkuwar jikin Yaya ce, wadda ya kamata ta yaƙi cuta, ta juyo tana cin gaɓoɓinta. Akwai wata allura da ke danne garkuwar, ana yin ta duk mako biyu. Sai dai idan aka danne ta, duk wata cuta da ke kwance a jiki tana iya miƙewa, musamman tarin fuka.

Aka ɗauki hoton ƙirji, ya fita fes. Aka yi gwaji a fatar hannu, bai nuna komai ba. Likitar ta ce magungunan da Yaya ta daɗe tana sha sukan sa wannan gwajin ya yi shiru ko da akwai abu, shi ya sa za ta yi tambaya.

"Malama, ko kin taɓa zama gida ɗaya da mai tarin fuka? Ko da tun kina yarinya ne."

Kafin Yaya ta buɗe baki ni na cafe. Ina da wannan halin, bakina ya fi tunanina sauri, kuma a wurinmu a jingina wa gida tarin fuka zagi ne.

"Likita, mu gidanmu ba mu da wagga cuta. Ba mu gada ba, ba mu ara ba."

"Babu wanda ya yi doguwar jinyar tari?"

"Sai dai tarin hayaƙi, shi ko kowace mai banda tana yi nai."

Na faɗe shi ina dariya, Yaya ma ta gyaɗa kai. Ba ƙarya muka yi niyya ba. Innarmu ta yi shekara biyu tana tari kafin ta rasu, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, kuma Yaya ce ta kwana da ita ɗaki ɗaya har ƙarshe. Amma duk Kaoje an san abin da ya kashe Inna: hayaƙin banda ne ya cinye mata ƙirji. Haka aka faɗa a wurin zaman makoki, haka muka taso muna faɗa. Ko kusa ban kawo Inna a raina ba a ofishin nan.

Likitar ta dube ni, ta ce to. Ta ce in saurara da kyau tunda ni ne mai baki. Idan tari ya wuce mako biyu, ko ta fara ramewa, ko tana jiƙa shimfiɗa da gumi, a tsayar da allurar a kawo ta, ko da jikinta ba zafi, don allurar tana ɓoye zazzaɓi. Na ce na ji. Har na maimaita mata don ta san ba da ƙauyawan banza take magana ba.

Ta rubuta takarda, Nasrullahi ya samo allurar a wani babban kantin magani a Kwatano. Aba ce mai kama da biro mai kauri, ba a ko ganin tsinin. Wata nas ta koya mini yadda ake yi: a goge fata, a tsunkuli nama a ɗaga, a danna, a jira. Allurar ba ta son zafi, ba ta kuma son daskarewa. Nasrullahi yakan aiko ta cikin kula da ƙanƙara har Segbana ta ɓangaren Benin, ni in tsallaka in karɓo, in kai wa Lauwali mai lemo a Bagudo, wanda firjinsa ke aiki da hasken rana. Ya ware mini lungu ɗaya bayan kwalaben. Duk Juma'a ta biyu in ɗauko ɗaya in nufi Kaoje.

Ba zan ɓoye ba, allurar nan ta yi abin da ban taɓa gani ba. Bayan ta uku na shiga gidan na tarar Yaya tana alwala da kanta, tana cusa yatsu tsakanin yatsu tana kallonsu. Bayan ta biyar ta kori Zuhura.

"Tashi ki koma ɗakinki, ɗiyar nan. Mijinki ya yi haƙuri ya gaji. Ni yanzu ko ke nika iya goyawa."

Yatsun ba su miƙe sarai ba, karkacewar tana nan, amma sun saki, kumburin ya sace. Kafin damina ta yi nisa ta sa Arzika ya gyara mata duro, ta sayi sabuwar raga. Ranar da na ga ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke da tsinke sai na juya baya na yi kamar ina duba tayar babur. Ta gane ni sarai.

"Kai, mai yatsu shida, kuka kaka yi? Zo ka ci kihi, ragon banza."

Mata suka riƙa zuwa kallo daga unguwanni. Ni kuma kaina ya kumbura. A tasha ana nuna ni ana cewa ga wanda ke yi wa yayarsa allurar Turawa. Har wasu suka fara ce mini Dokta Cindo, ni kuma ina amsawa.

A shekarar ne aka rufe boda, cikin watan Agusta. Motoci suka tsaya, 'yan kasuwa suka rasa inda za su sa kansu. Yaya ta kira ni hankalinta a tashe, don allura ɗaya ta rage a firjin Lauwali. Na ce ta kwantar da hankalinta. Na san hanyoyin daji da shanu suka fi mutane sani, na san inda rafi ke da wuya da inda ba shi da ita. Na ɗaure kula a ƙirjina na bi ta gonakin dawa na je na dawo, taɓo har gwiwa. Ko sau ɗaya Yaya ba ta tsallake Juma'arta ba. Da wannan na fi yin alfahari a lokacin, kuma shi ne yanzu nake tunawa in ji kamar in sare hannuna.

Tarin ya fara ne da kaɗan-kaɗan, busasshe, irin na wanda ya shaƙi barkono. Watan komawarmu asibiti ya zo daidai da ambaliya, ruwa ya shafe gonakin shinkafa ya yanke hanya, muka ce sai ya janye. Da ya janye kifi ya yi yawa, Yaya ba ta da lokacin tafiya Sakkwato. Tarin ya wuce mako biyu, ya wuce wata. Na tuna maganar likitar, ba wai na manta ba. Rannan na tarar da su ita da Hamsatu a bakin duro, hayaƙi ya turnuƙe su, na yi ƙarfin hali na ce ko za mu tsayar da allurar mu je a duba tarin nan.

Hamsatu ta kwashe da dariya har ita ma tari ya sarƙe ta.

"To ni ma ka kai ni, Dokta. Ka kai Lami, ka kai Atika, ka kwashe matan banda duka. Shekara biyar ba ta shaƙi hayaƙi ba, ƙirjin ya manta. Bari shi saba."

Yaya ta kamo hannuna ta ɗora a goshinta.

"Ka ji zahi? Babu. Hayaƙi na, Cindo. Ka bar ni in yi aikina."

Goshin sanyi ƙalau. Likitar ta gaya mini cewa haka zai kasance, amma na zaɓi in yarda da Hamsatu, don maganarta ta fi daɗi. Idan na tsayar da allurar, yatsun za su koma, Zuhura ta dawo da buta, ni kuma in koma ɗan kabu-kabu kawai. Na goge bayan damtsenta na danna mata allurar na tafi.

Haka muka ci gaba har bayan girbin dawa. Arzika yana ruwa tun asuba, in ya dawo a gajiye yake, ko da ya lura bai ce komai ba. Ni ina ganin zaninta yana ƙara zagaye ta, nakan ce aiki ne. Nakan ga tabarmarta da matashinta a shanye a rana kowace safiya, ban tambaya ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na iso da kula. Ta zauna a kan turmi ta janye mayafi daga kafaɗa kamar kullum. Na goge wurin, na kai hannu in tsunkuli nama. Babu naman. Fata ce kawai ta taso tsakanin yatsuna, a ƙarƙashinta ƙashi. Ina tsaye riƙe da fatar nan sai tari ya taso mata, ta toshe baki da gefen mayafi. Da ta sauke ta yi saurin dunƙulewa, amma na riga na gani.

"Yaya, buɗe."

"Yi abin da ya kawo ka."

"Buɗe mayahin nan."

Ta buɗe. Jini ne, ja wur, ba ɗigo ba.

"Tun yaushe?"

Ta juya tana kallon duro. Can ta ce ya fi wata. Tsummokaran da take tofawa a ciki, wutar banda take jefa su don kada kowa ya gani.

Raina ya ɓaci, na yi mata ihun da ban taɓa yi ba, na ce so take ta kashe kanta ta bar ni da alhaki. Ta bar ni na gama.

"Na san ba hayaƙi ba na," in ji ta. "Tun ranar da nig ga jinin nit tuna Inna. Amma kai ba a taɓa bin ka bayan gida da buta ba. Ɗiyar da ka haihwa ba ta taɓa wanke ka tana kau da kai ba. In na hwaɗi, ka tsai da allura. Mi kaka so in yi?"

Na mayar da allurar cikin kula ban yi ba, na kai wa Lauwali na ce ya ajiye. Washegari na samo mota muka ɗauke ta sai Sakkwato.

Likita Munawwara ta ɗaga sabon hoton ƙirjin ta nuna mini. Duka ɓangarorin biyu fari-fari ne, kamar an watsa gero. Ta ce tarin fuka ne, kuma bai tsaya a huhu ba, ya bi jini ya bazu. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta sake tambayata kawai ko na tabbata babu wanda ya taɓa dogon tari a gidanmu. Na ba ta labarin Inna daga farko har ƙarshe. Ta ajiye biro. Sannan ta ce cutar tana iya kwanciya a jikin mutum shekara talatin ba ta motsa ba. Da ta ji labarin nan tun farko, da ta fara ba Yaya maganin kashe ta na 'yan watanni kafin a taɓa allurar, kuma da wuya a kai ga haka.

Aka tsayar da allurar, aka ɗora ta a kan maganin tarin. Aka gwada mu duka, ni da Arzika da Zuhura. Mako uku tana kwance a asibiti, sannan aka sallame mu da jakar ƙwayoyi da sharaɗin kada a kuskura a sake yi mata allurar sai likita ta ce. Ta ce ko guda ɗaya a yanzu tana iya ƙarasa ta.

Tarin bai sauka ba, yatsun kuma suka dawo da fushinsu. Kafin wata biyu hannuwan sun kumbura sun dunƙule fiye da da. Zuhura ta sake baro Sharabi. Duron banda ya yi tsatsa a tsakar gida, kaji suna kwana a ciki. Hamsatu takan leƙo daga bakin ƙofa ta yi sannu, ba ta ƙara shigowa ɗakin ba.

Wata rana da hantsi na je, Yaya ta ce wa Zuhura ta ba mu wuri. Muryarta ta dushe, sai na sunkuya nake ji.

"Allurar nan da kam maida wurin Lauwali, tana nan?"

"Tana nan."

"Ɗauko ka yi mani."

"Yaya, likita ta ce tana iya kashe ki."

"Mutuwa kam na riga na gan ta, Cindo, ba kai za ka hana ba. Ni dai so nika in yi alwala da hannuna ko sau ɗaya. In ci tuwo da hannuna. Ka bar ni in tahi da hannu buɗe."

Na ce mata za ta warke. Na ce maganin tarin wata shida ne ko fiye, yanzu muka fara, in ta warke likita za ta mayar da ita kan allurar, ta koma banda har ta gaji. Na yarda da abin da nake faɗa, ko kuma ina so in yarda. Sau goma sha biyar na danna mata abin nan da hannuna, rabinsu tana tari ina ji. Na rantse a raina ba zan ƙara ba.

"Ni nir raine ka," ta ce. "Ban taɓa roƙonka komi ba."

"Ba ni iyawa, Yaya."

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta juya fuska bango. Na ci gaba da zuwa kullum, ina kawo mata lemo da madara. Tana amsa gaisuwata. Amma ba ta sake kirana mai yatsu shida ba, ba ta sake ce mini rago ba. Cindo kawai, shi ma in ya zama dole.

Kwana goma sha tara bayan nan ta rasu, da la'asar, Zuhura tana riƙe da kanta. Maganin tarin bai cim mata ba. Hamsatu da Atika suka yi mata wanka. Da muka dawo daga maƙabarta Hamsatu ta ja ni gefe tana share hawaye, ina jin ta ɗauka abin da za ta faɗa ya kamata dangi su sani. Ta ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu, har ruwan ɗumi sun sa, amma yatsun sun ƙi miƙewa. A dunƙule aka sa ta a likkafani.

Har yau ban sani ba ko allura ɗaya za ta buɗe mata hannu a kwanakin da suka rage, ko za ta rage mata kwanakin ne kawai. Na tambayi kaina har na gaji. Abin da na sani shi ne lokacin da ya kamata in ƙi na yi mata, lokacin da ta roƙe ni kuma na ƙi.

Ina nan ina kabu-kabu. Ba wanda ke ce mini Dokta yanzu. Hanyata ta tasha ta gaban shagon Lauwali take bi, kuma shi mutum ne mai amana, bai taɓa jefar da kayan wani ba. Jiya ma ya ɗaga mini hannu na tsaya.

"Cindo, ajiyarka hwa tana nan bayan kwalabe. Yaushe za ka ɗauka?"

Na ce masa sai Juma'a.